Mutumin da Ya Haska Ramin Mashigi

Shekara bakwai ke nan cur da muka kai yayana Umaru makwancinsa a Jega. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan tara 'ya'yansa mu yi masa addu'a, a raba masa da kunu, kowa ya koma harkarsa. Bana addu'ar ba ta kwantar mini da rai ba. Mako uku da suka wuce ruwa ya sake cin wani mutumin ƙauyen Katanga a mashigin da ya ci mahaifinmu, kuma tun ba a naɗe tabarmar makoki ba na fara jin irin maganganun da aka yi a kan Baba, sak, kamar ajiye su aka yi ana jiran wata gawar. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda zai ji haushi ya ji, ni ma da nawa haushin nake rubutun nan.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Umaru mai hoto ne, yana da ɗan shago a Sabon Gari. Hoton fasfo, hoton suna, 'yan makaranta, da mahautan da ke son a ɗauke su a gefen sa kafin a kai shi kwata. Ba shi da yawan magana, amma taurin kai kam ya gaje shi. Ni ƙanensa ne, ina koyarwa a wata firamare a Maiyama.

Baba manomin albasa ne, gonarsa tana ƙetaren gulbi. Shekara arba'in yana tsallakawa ta mashigi ɗaya da rani, ruwa iyakarsa ƙugu, ya tattare riga ya ɗora kayan aiki a ka. Wata safiya ya shiga bai fita ba. Sai bayan la'asar masunta suka samo shi.

Mutuwa ta Allah ce, mun karɓa. Abin da ya fi ƙarfinmu bakin mutane ne. Masu sauƙin cikinsu suka ce 'yan ruwa ne suka ja shi. Marasa tsoron Allah suka ce ai ruwan ƙugu ba ya cin babban mutum sai in shi ya so, kuma kowa ya san albasarsa ta ruɓe a rudu, rumbun da ake adana ta, a waccan shekarar. Wato Baba, mutumin da ladan kan tarar da shi a masallaci, shi ya kashe kansa saboda albasa. Ba wanda ya faɗa a gaban idonmu. Sai dai ka doso majalisa a yi tsit, ko mace ta zo gaisuwa ta riƙa kallon ƙasa tana cewa Allah ya yafe masa, da wata irin murya. Inna ta daina fita. Ba suna, ba biki, ba gaisuwar mutuwa, ko leƙa ƙofar gida ba ta yi. Shekara uku tana haka.

Yaya ya san abin da ya faru, kuma masunta ma sun sani. A ranin da Baba ya rasu masu yashi sun kawo injin zuƙa suka kafa shi daf da mashigin, tifofi suna jigila, da suka gama suka kwashe kayansu suka yi gaba, suka bar rami a ƙarƙashin ruwa ba ko tsinke a kansa. To amma wa zai ɗauki maganar masunci a kan ta mai tifa? Wata rana muna zaune a shagonsa ya ce mini, "Sani, mutanen ga ba su yarda da abin da anka hwaɗa musu. Sai sun gani da idonsu. To za su gani."

Ya fara da abin da ya samu, ƙaramar kyamara da wani kwanson roba mai gilashi da ake rufe ta a ciki don kada ruwa ya taɓa ta. Ya je wurin masunta suka koya masa riƙe numfashi. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ni ina cikin kwalekwale riƙe da ɗaya bakin. Ranar farko ya nutse ya fi sau ashirin. Da muka buɗe hotunan ba komai a ciki sai fararen ɗigo-ɗigo, kamar an watsa garin gero a kan baƙin zane. Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Shi ko murmushi bai yi ba.

Ya kwashe wata guda yana tone-tone a waya kafin ya gano inda matsalar take. Laifin fitilar da ke jikin kyamarar ne. Ruwan gulbinmu ba ruwan randa ba ne, cike yake da ƙasa da ɓurɓushin ciyawa. Idan haske ya fito daga kusa da idon kyamara, wannan datti da ke yawo a gaban gilashi shi yake fara samu, sai ya dawo kai tsaye cikin idon, ya rufe duk abin da ke bayansa. Maganin shi ne fitila ta daban, wadda masu hoto ke kira filash, irin wadda aka ƙera don shiga ruwa, a ɗora ta can gefe a kan dogon hannun ƙarfe mai gaɓoɓi. Ya sayar da babur ɗinsa, wani direba da ke kai albasar Aliero kudu ya taho masa da kwancen fitilar daga Legas, an naɗe ta cikin buhu.

Ranar da Inna ta ji labari ta kira shi ɗaki. "Umaru, ruwan ga ya ci ubanku, kai ma kanka za ka kai mishi?" Ya durƙusa ya ce, "Inna, sunan Baba zan ɗauko." Ba ta ce je ka ba, ba ta kuma hana shi ba.

Wanda bai ga Yaya yana haɗa kayan nan ba bai san mene ne natsuwa ba. Sai ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya wanke hannu kamar mai shirin alwala. A bakin murfin fitilar da na kwanson kyamarar akwai zoben roba da ke hana ruwa shiga. Sai ya zare shi a hankali, ya goge, ya ɗaga shi sama yana neman gashi ko ƙwayar yashi, don ƙwaya ɗaya ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. Sannan ya shafa masa wani ɗan mai na musamman, kaɗan, iyakar ya yi sheƙi. Na taɓa miƙa masa basilin, ya harare ni ya ce wannan kumbura robar zai yi. Ƙaramar fitilar jikin kyamarar kuma sai ya rufe ta da baƙin tef, ya bar ɗan gurbi inda wata siririyar igiya ke ɗaukar haskenta ta kai wa babbar, don su tashi tare. Kafin ya sa kyamara, sai ya rufe kwanson da auduga a ciki, ya tsoma shi cikin duron ruwa, ya jira. In audugar ta fito a bushe, mu tafi gulbi. In da danshi, yau babu aiki, ko da na taso tun daga Maiyama. Sau biyu muna faɗa a kan wannan.

Samun fitilar ma ba shi ne ƙarshen wahala ba. Da ya nuna ta kai tsaye ga abin da yake son ɗauka, ɗigon nan suka dawo, sun dai ragu. Sai da ya koyi janye ta gefe sosai, ya ɗan ja ta baya da gilashin, ya karkatar da fuskarta waje, ta yadda gefen hasken ne kawai zai shafi abin, ruwan da ke tsakani ya zauna cikin duhunsa. Hannun da ya zo da ita ya yi gajere, wani mai walda a kasuwa ya ƙara masa tsawo. Ya koyi rage mata ƙarfi, don yawan haske a ruwa mai laka ɓarna yake yi. Ya koyi matsawa kusa, ƙasa da tsawon hannu, domin haske ba ya tafiya da nisa a ruwa. Ya gane cewa ruwa yana yaudarar ido, abu yakan yi kamar ya fi kusa, don haka in ka saita fitila inda idonka ya ce, gaban abin za ka haska. Ya koyi fuskantar inda ruwa ke tahowa don lakar da ƙafarsa ta tayar ta bi bayansa. Duk wannan kuwa da numfashi ɗaya, a tsakiyar rani lokacin da ruwa ya kwanta, rana tana tsaka. Rani biyu muka yi muna wannan aiki, mutane suna tsaye a bakin gaɓa suna cewa ɗan marigayi ma ya taɓu.

A rani na biyu ya samu abin da yake nema. Hoton ya nuna yashin mashigi shimfiɗe sumul, da gorar da muka yi wa zane-zanen awo a tsaye a kai. Taku ɗaya daga gindin gorar, sai yashin ya yanke tsaf ya gangara kamar bakin rijiya, zuwa cikin baƙin duhu. A jikin gangaren ga guntun tiyon injin da ya tsinke, rabinsa a binne. Da muka zura gorar a ramin ta nutse duka ba ta taɓa ƙasa ba, gorar da ta fi tsayin mutum biyu. Ba aljani ba ne ya bar tiyo a wurin.

Ya wanke hoton babba, ya kai wa Inna kafin kowa. Ta daɗe tana kallo. Ta aza yatsa a kan yashin, ta ja shi a hankali har bakin ramin, ta tsaya. Sai ta ce, "Ashe tahiya tai yake yi." Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Cikin makon aka yi suna a maƙwabta, ta yafa mayafi ta tafi, ita ta fara isa.

Ya liƙa wani a ƙofar shago. Wasu suka zo suka duba suka tafi. Mutum ɗaya tak, wani dattijo mahauci, ya shigo ya kama hannun Yaya ya ce ya yafe masa, yana cikin waɗanda suka yi zancen. Allah ya saka masa, don sauran har yau suna nan suna gaishe ni kamar ba su taɓa buɗe baki ba.

Daga nan ya zuba hotuna goma sha biyu a ambulan ya kai wani ofishi da aka ce shi ke da alhakin irin wannan. Ba diyya ya je nema ba, ba kuma ƙara ya kai ba. Cewa ya yi a hana zuƙar yashi a bakin mashigi, in ba za a iya ba a sa alama. Mutumin da ya karɓa ya jujjuya hotunan, ya ce kai, aiki ya yi kyau, wace irin kyamara ce wannan, har yana tambaya ko Yaya zai zo ya ɗauki bikin ƙanwarsa. Ya ce a bar su za a duba. Yaya ya yi ta zarya, yau oga ya yi tafiya, gobe mai makullin durowa bai zo ba, har aka wayi gari aka ce wane ambulan. Da ya gaji, sai ya koma yana kafa gora da jan ƙyalle a bakin ramin duk rani. Damina takan rufe ramin da yashi, rani na yi masu inji su dawo wuri ɗaya, saboda yashin wurin ya fi kyau.

Ciwon ƙoda ne ya kashe Yaya, a gadon asibiti, ina riƙe da hannunsa. Likita ya yi mana bayani dalla-dalla. Amma kafin mu dawo daga maƙabarta har an gama shari'a a gari, wai 'yan ruwa ne suka rama, don ya haska musu ido. Mutum ya kashe rani biyu yana nuna muku ramin inji, ya mutu kun mai da shi hujjar aljanu.

Sai dai ba zan zagi gari in tsallake gidanmu ba, domin ɓarnar da ta fi ciwo mu muka yi ta da hannunmu. Ranar rabon gado Baffa, ƙanen Baba, shi ya jagoranta. Mutumin kirki ne, dillalin albasa, duk rayuwarsa kashi-kashi ya sani. Aka baje kayan shago a tabarma, ya shiga kasawa don kada a ce an fifita wani. Kyamara ta faɗa kashi ɗaya, kwansonta wani kashin, fitila ta tafi na uku. Hannun ƙarfen kuwa aka jefa shi cikin tarkace, siririyar igiyar aka ɗaure bakin buhu da ita. Shari'a ba ta ce a raba takalmi ƙafa ɗaya-ɗaya ba, tana da hanyar da za a bar abu a haɗe a daidaita wa kowa haƙƙinsa. A duk zauren ni kaɗai na san cewa kayan nan biyar abu ɗaya ne. Na buɗe baki, Baffa ya ɗago ya ce, "Sani, akwai magana?" Na ga manya zaune, na ji tsoron a ce ƙane yana kwaɗayin kayan marayu. Na ce babu. Wannan kunyar banza ita ce laifina, kuma ban yafe wa kaina ba.

Fitilar ta ƙare a hannun wani dangin matar Yaya mai ɗaukar hoton biki. Bai san ruwa ne ke sanyaya ta ba, ya yi ta harba ta a filin rawa har ta ƙone. Kwanson yana nan a wani gida ana zuba maɓallai da zare. Hannun ƙarfen na gan shi da idona a teburin wani mai tsire, ya rataya ƙwan lantarki a jiki. Kwamfutar shago kuwa wanda ya same ta ya sa aka goge ta tas don ya zuba finafinai. Rana ta cinye hoton da ke ƙofar shago. Abin da ya rage a duniya shi ne guda ɗayan nan da Inna ta adana a ƙasan akwatinta, wanda ya dawo hannuna bayan rasuwarta.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa mai hoto ne. Ranar da aka fito da mutumin nan na Katanga, an ce wayoyin da ke bakin gaɓa sun fi hannuwan da suka kama gawar yawa. Kafin iyalinsa su ji, fuskarsa ta gama zagaya wayoyin Jega da Aliero. A ƙarƙashin hoton kuma ga masana, wannan ya rubuta 'yan ruwa, wancan ya rubuta ai an ce yana rigimar gona da 'yan'uwansa, Allah dai ya sa mu cika da imani. Duk yawan kyamarorin nan babu ɗaya da ta leƙa ƙarƙashin ruwa, babu ɗaya da ta juya ta ɗauki tifofin da ke jere suna lodi a wurin. Na san Yaya. Zai dube ni ne kawai ya tambaye ni ina gora.

Domin bayan rasuwarsa na kafa ta rani biyu, na uku na aika a kafa, daga nan sai uzuri, makaranta, nisa, gobe. Bana babu gora a bakin ramin. Masu inji su suka haƙa, masu ofishi su suka ɓatar da ambulan, kuma ina nan a kan bakana cewa alhakin ran nan yana wuyansu. Amma jan ƙyalle ɗaya bai fi ƙarfina ba. Na koma na kafa ta washegarin da na ji labari, lokacin da ba ta da sauran amfani ga mutumin.

To me ya rage na Yaya Umaru? Shagon ya zama wurin cajin waya. Kayan aikinsa mun watsar. Ramin da ya yi yaƙi da shi yana nan, ya ma ƙara faɗi. In da abin da za a auna ke nan, sai a ce ya yi wahalar banza. Amma ni na ga Inna ta yafa mayafi ta fita, na ga ta yi sauran shekarunta tana ambaton sunan mijinta a cikin mata da ƙarfi, ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Wannan Yaya ne ya nutse ya ɗauko mata, kuma ba wanda ya isa ya kasa shi a tabarma.

Ranar Juma'ar da ta wuce na ɗauki maiɗakina muka tafi Katanga gaisuwa. Ban san mamacin ba, ban san kowa nasa ba. Na zauna a zaure tare da maza, na ba maiɗakina hoton a cikin leda, na ce ta shiga da shi wurin matar da ke takaba, ta nuna mata, ta gaya mata ko na wane ne da abin da aka faɗa a kan namu uban. Ta daɗe a ciki. Da ta fito hannunta babu komai, idonta ya yi ja. Kafin in tambaya sai na ji murya daga bayan zana, a dushe.

"Malam, don Allah ka bar min shi. Ɗiyana ƙanana na, ba su san komi ba yanzu. In sun girma za a hwaɗa musu wata magana a kan ubansu. Ina son in samu abin da zan gwada musu."

Shi kaɗai ya rage mana, ko 'ya'yan Yaya ba su da wani. Na ce ta riƙe.